Inshorar lafiya bayan ritaya: ka yi lissafi da shekarar da ciwo zai kwantar da kai

Saura wata biyu in ajiye aiki wata takarda ta iso teburina daga ofishin kula da ma'aikata. Layi uku ne kacal a ciki: inshorar lafiyar da wurin aiki ke biya mana, ni da uwargida, za ta tsaya a ranar ƙarshe ta watan da zan yi ritaya. Shekara 31 na yi ina aikin akanta, ina tsefe lissafin kuɗin wasu, amma ban taɓa tambayar nawa katin asibitin da ke aljihuna yake ci ba. Ana cirewa daga albashi, wurin aiki ya cika sauran, shi ke nan. Hankalina duk yana kan fansho da garatuti.

Sai na yi abin da galibin mutane ke yi. Na jera tsari uku a gabana, na dubi zubin wata-wata, na ɗauki mafi sauƙi. A wata na takwas aka yi wa uwargida aikin yanar ido, ba a jima ba likita ya mayar da maganin sugarta allura. A nan na gane abin da na sa wa hannu. Araha ba ta ado.

Abu na farko da za ka nema shi ne kwanan wata. Ka je ofishin ma'aikata ka tambayi ranar da inshorarka za ta yanke, a rubuta maka, kuma ka tambaya ko akwai hanyar ci gaba da ita ko da kai za ka riƙa biyan duka. Wata shida kafin ritaya bai yi wuri ba, mai kwarmin ido da wuri yake fara kuka. Dalili kuwa, tsare-tsare da yawa suna hukunta wanda ya makara. A Amurka, shirin inshorar lafiya na gwamnati mai suna Medicare da aka kafa a 1965 domin waɗanda suka kai shekara 65 yana ba mutum wata bakwai ya yi rajista: uku kafin watan haihuwarsa, watan kansa, da uku bayansa. Wanda ya bari wa'adin ya wuce, kuma ba ya ƙarƙashin inshorar wani aiki da yake kan yi, za a ƙara masa kashi 10 cikin 100 na zubin ɓangaren ganin likita a kan kowace cikakkiyar shekara da ya makara, kuma ƙarin ba ya sauka. A Jamus, wanda ya haura 55 yana inshorar kamfani mai zaman kansa, da wuya ƙofar komawa ta gwamnati ta sake buɗe masa. Kowace ƙasa da dokarta, amma ka ɗauka cewa taka ma tana da wani agogo da ke tafiya, ka nemo shi. Kada ka bar giɓi ko na mako ɗaya tsakanin tsohuwar inshora da sabuwa.

Yanzu ga inda kuɗin ke zurarewa. Ƙofa huɗu ce, kuma mai talla ɗaya kawai yake nuna maka, wato zubin da kake yi duk wata ko ka je asibiti ko ba ka je ba. Ta biyu ita ce kason farko: adadin da sai ka biya shi daga aljihunka a cikin shekara kafin kamfani ya fara sa hannu. Ta uku, ɗan abin da kake ajiyewa duk zuwa, ko ganin likita ko karɓar magani. Ta huɗu, kaso cikin ɗari na kowane lissafin asibiti da ya rage a wuyanka bayan ka cika kason farko. Bayan waɗannan akwai abin da nake kira rufi, wato iyakar abin da zai fita daga aljihunka a shekara guda, ban da zubin wata-wata. In ka kai shi, kamfani ya ɗauki sauran.

Bari in kawo misali da lambobin da na ƙirƙira don bayani kawai, ka ɗauke su da kowane irin kuɗi kake riƙewa. Tsarin farko zubinsa 100 ne a wata, wato 1,200 a shekara, kason farko 3,000, bayan nan kashi 30 cikin 100 naka ne, rufi 8,000. Tsari na biyu zubinsa 250 a wata, 3,000 ke nan a shekara; kason farko 500; kashi 10 cikin 100; rufi 2,000.

A shekarar lafiya, da lissafin asibitinka bai wuce 1,000 ba, tsarin farko zai ci maka 2,200, na biyu 3,550. Mai araha ya yi nasara, kuma irin wannan shekarar ce matashi ke da ita. A shekarar da lissafi ya kai 6,000, ɗan ƙaramin aiki da gwaje-gwaje da maganin kullum, na farko 5,100, na biyu 4,050. Reshe ya fara juyewa da mujiya. To a ce an kwantar da mutum, an yi babbar tiyata, lissafi ya kai 30,000. Na farko zai ci 9,200, na biyu 5,000. In kuwa tsarin farkon ba shi da rufi, 12,300 ne, kuma yana ci gaba da hawa muddin ana kwance.

Tambayar da za ka yi wa kanka ke nan: cikin shekarun nan uku, wacce ta fi kama da ta mai shekara 65 da hawan jini, wanda matarsa ke da ciwon suga? Ni dai tawa ta tsakiya ce, ta ƙarshen kuma tana leƙowa. Wanda ke da ƙoshin lafiya, kuma yana da ajiyar da za ta iya biyan rufin gaba ɗaya ba tare da ya sayar da kadara ba, yana iya ɗaukar mai araha da hujja. Wanda ba shi da wannan ajiyar, shi ne ya fi buƙatar tsari mai tsadar zubi, duk da cewa shi ne zai fi jin zafinsa duk wata. Abin ba daɗi, amma haka lissafin yake faɗi.

Kada ka zaci rashin rufi sai a kamfanonin da ba su da suna. Asalin shirin Medicare ma haka yake: a ɓangaren ganin likita yana biyan kashi 80, ya bar maka 20, ba tare da iyaka ba. Shi ya sa tsofaffi da yawa a can suke sayen wata inshora ta biyu don toshe wannan ramin.

Akwai kuma wata iyaka da ake rikita ta da rufi, alhali ita kamfani take karewa. Ita ce iyakar abin da su za su biya a shekara, ko a kan ciwo guda. Rufi yana cewa, “Ba za ka biya fiye da kaza ba.” Ita kuwa tana cewa, “Ba za mu biya fiye da kaza ba.” A takarda duk ana rubuta su da babbar lamba mai faranta rai. In ka ga irin wannan lambar, tambayi mai sayarwa kai tsaye: “In lissafi ya wuce nan, wa zai biya?” Sannan ka bi ƙananan iyakokin da ke ƙarƙashinta. Wankin ƙoda zuwa nawa a shekara? Maganin ciwon daji fa? Kwana nawa a ɗakin masu tsananin rashin lafiya? Gashin ƙashi bayan shanyewar ɓarin jiki, zama nawa? Waɗannan su ne ciwukan da ke cinye gida, kuma a kansu ne aka fi matse hannu.

Maganin kullum shi ne inda na fi ƙonewa. Kowane tsari yana da jerin magungunan da ya yarda zai biya, galibi hawa-hawa: na ƙasa kusan kyauta, na sama kuwa babban kaso naka ne. Allurar uwargida tana cikin jerin, amma a hawa na sama, ni kuwa na ga sunanta kawai na ce ai an gama. Yanzu abin da nake yi, sai in zazzage duk kwalayen maganinmu a kan tebur, in rubuta sunan kowanne na asali, wanda ake bugawa da ƙananan haruffa ƙarƙashin sunan kamfani, da ƙarfinsa, da sau nawa ake sha. Da wannan takardar nake bin jerin kowane tsari ɗaya bayan ɗaya. Sa'a biyu ne aikin. Ranar da na fara yi uwargida ta leƙo ta ce, “Malam, kantin magani za ka buɗe ne?” Ka kuma tambayi likitanka ko akwai makamancin maganin da ba na babban kamfani ba, don sau da yawa sinadarin ɗaya ne.

Asibiti ma jeri ne da shi. Kada ka tsaya ga littafin kamfani, ka kira asibitin da kake zuwa ka tambaye su ko har yanzu suna karɓar wannan tsarin da sunansa, don kamfani ɗaya yakan yi tsari biyar, asibiti ya karɓi biyu. Ka tambaya ko sai an ba da izini kafin tiyata ko hoton ƙwaƙwalwa, da kwana nawa izinin ke ɗauka. In kana da niyyar komawa wani gari bayan ritaya, ko kana yawan zuwa wurin 'ya'ya a wata ƙasa, ka duba ko katin zai bi ka. Da yawa ba sa tsallake iyaka.

Sai batun tsohon ciwo. Fom zai tambaye ka abin da ke damunka, kuma zuciya za ta raya maka ka rage wani abu don zubi ya sauka. Kul. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kamfani ba ya bincike sosai ranar da yake karɓar kuɗinka, sai ranar da ka kawo babban lissafi, lokacin ne zai nemi tsohon fayil ɗinka, in ya ga ka ɓoye hawan jini ya ƙi biya, wani lokaci ma ya soke yarjejeniyar. Gara ka faɗa, ka ji hukuncinsu tun yanzu: ko su ƙara zubi, ko su ce ba ruwansu da wannan ciwon, ko su sa wa'adin jira kafin su fara biya a kansa. A Ostireliya doka ta ce jiran tsohon ciwo a inshorar asibiti ba zai wuce wata 12 ba. A wurin da babu irin wannan dokar, abin da ke cikin yarjejeniyarka shi ne dokar, don haka ka karanta. In kana sauya kamfani ba tare da giɓi ba, ka tambaya ko za su lissafa maka jiran da ka riga ka yi.

Haƙori da tabarau da na'urar ji, galibi ba sa ciki, ko kuma ɗan abin da ake bayarwa bai taka kara ya karya ba. Ka ware musu kuɗi daban ka huta.

Wanda ya fi su nauyi, kuma ba a son zancensa, shi ne jinya mai tsawo: mutum ba ya asibiti, amma ba ya iya wanka ko sa tufafi ko cin abinci sai da mai taimako, shekara da shekaru. Inshorar lafiya ta yau da kullum ba ta ɗaukar wannan. Jamus sai da ta kafa masa inshora ta daban a 1995, Japan ta bi sahu a 2000, inda ake fara zubi tun daga shekara 40. Ko a Ingila, inda ganin likita kyauta ne tun 1948, kuɗin irin wannan kulawar sai an auna dukiyar mutum kafin hukuma ta taimaka. Mu dai mun zauna da 'ya'yanmu mun yi maganar tun muna da ƙafafunmu. Babban ya ce, “Baba, Allah ya sawwaƙe, me ya kawo wannan zancen?” Na ce masa amin, amma ya kawo biro.

Zubin da aka faɗa maka bana ba shi ne na baɗi ba. Yana hawa da tsadar magani, yana kuma hawa da shekarunka, fansho kuwa ba ya gudun da suke yi. A Amurka dokar lafiya ta 2010 ta hana a caji dattijo mai saya wa kansa inshora fiye da ninki uku na matashi. Ka ga ke nan inda babu linzami abin da zai iya faruwa. Ka nemi a nuna maka abin da mai shekara 70 da mai 75 suke biya yau a tsarin da kake so, ka tambayi shekarun da suke daina sabuntawa. Tsarin da za ka iya biya a 62 ka kasa a 74 zai sauke ka ne daidai lokacin da wani kamfani ba zai ɗauke ka ba.

Dillali yana da amfani, ya san kasuwa, amma la'adarsa daga kamfani take fitowa. Ba laifi ka tambaye shi kamfani nawa yake wa aiki. Duk alkawarin da ya yi da baki, ka ce ya nuna maka layin a takarda. Wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba saboda addini, akwai takaful, tsarin da mahalarta ke tara gudunmawa a asusu guda don ɗaukar nauyin juna, wanda kamfanin farko irinsa ya buɗe a Sudan a 1979. Duk tambayoyin nan na rufi da iyaka da jira suna nan daram a kansa shi ma.

Duk shekara, wata guda kafin lokacin sabuntawa, nakan ɗauko wani kwali da nake tara rasit a ciki, in haɗa abin da muka kashe, in sake lissafin shekarun nan uku na misali da sabbin lambobi. Bara wasiƙar sabuntawa ta zo, zubi bai motsa sosai ba, har na ji daɗi. A shafi na huɗu na tarar an ɗaga ɗaya daga magungunan hawan jinina zuwa hawa na gaba. Na kai wa likita takardar, ya dube ta, ya rubuta mini wani da ke hawa na ƙasa, ya ce in dawo bayan mako biyu a gwada jinin.