Yadda ake gane darajar tsohuwar takardar sefa

Jama'a, wanda ya tsinci tsofaffin takardun sefa na BEAC, wato babban bankin ƙasashen Afirka ta Tsakiya, a akwatin kaka, a Garwa ne ko Marwa, kada ya yi saurin sayarwa, ya fara duba lafiyarsu tukuna.

Ka wanke hannu ka shanya, ka riƙe takardar ta gefe, ka ɗan karkata ta gaban taga ko fitilar waya, nan duk wani lanƙwasa zai fito ko da an ɓoye shi. Wadda ba a taɓa ninkewa ba, kusurwoyinta huɗu da kaifi, tana ƙara kamar sabuwa, ita ce masu harkar ke kira UNC. Ninki ɗaya mara ƙarfi a tsakiya ya sauko da ita mataki, in kuwa ninki ya yi yawa, ga datti ga ramin ƙusa ga rubutun biro irin na 'yan kasuwarmu, to sai haƙuri.

Kamfanin PMG na Amurka, mai tantance lafiyar takardun kuɗi, maki yake bayarwa daga 1 zuwa 70.

Don Allah banda guga da wanki, masana suna ganewa kuma farashi faɗuwa yake. Ka duba harafin da ke nuna ƙasar da takardar ta fito ma, a jerin 2002 U na Kamaru ne, C na Cadi.