Darasi na 9: Karanta kwali kafin sayen kafsul ɗin kafe

Wata dattijuwa da ke ajinmu na yaƙi da jahilci, mai sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ta shigo ran nan da kwali a cikin leda. Ɗanta da ke aiki a Yamai ya aiko wa babansa ƙaramin injin dafa kafe, tare da ƴan ƙwanson da ake sa masa, waɗanda ake kira kafsul. Da suka ƙare sai ta je kanti ta sayo wasu.

Ta ce, "Malam, duba mini wannan. Jikka biyar na bayar, mai gida ya yi ya yi, ya ƙi shiga."

Na ce, "Inna, mene ne sunan injin?"

Ta ce, "Oho, ɗan nan. Baƙi ne dai, da ɗan tulun ruwa a bayansa."

Kwalin an riga an yage bakinsa, ba halin mayarwa. Abin ya tsaya mini a rai, domin na san sau nawa take zaman tuya kafin ta haɗa jikka biyar. Ga shi kalma ɗaya tak ce ta raba ta da kuɗinta, kalmar kuma tana rubuce a goshin injin.

Kafsul ɗan ƙwanso ne mai ɗauke da niƙaƙƙen kafe na kofi ɗaya, wajen giram 5 zuwa 7. Injin yana tura ruwan zafi da ƙarfi ta cikin garin, kafin minti ɗaya kafe ya zubo. Sau ɗaya ake amfani da kowane kafsul. Kowane kamfani kuma da irin bakin injinsa, kamar kwado da makulli.

Na Nespresso ƙarami ne, na alminiyam, kamar ƴar hula. Kamfanin Nestlé na ƙasar Suwizilan ne ya fito da shi a 1986. Na Dolce Gusto ma na Nestlé ne, amma na roba ne, ya fi faɗi, ba ya shiga injin Nespresso. Wannan ne ya sami Inna. Na Senseo takarda ce mai laushi, zagayayya, kamar ta ganyen shayi. Ko a gidan Nespresso akwai wani mai suna Vertuo, mai kamar ƙaramar ƙwarya, wanda ba ya shiga injin da aka saba gani.

Saboda haka kafin ka fita, ɗauki biro ka kwafi sunan da ke jikin injinka, harafi bayan harafi, ka sa takardar a aljihu. In akwai tsohon kafsul, tafi da shi. A kanti ka nemi wannan sunan a kwali. Wasu kamfanoni na yin nasu da ke shiga injin wani, sau da yawa kuma sun fi araha. Suna rubuta kalmar Faransanci compatible kusa da sunan injin, ma'ana yana shiga.

Za ka ga lamba a kwali, 4 ko 8 ko 11, kusa da kalmar intensité. Mutane na zaton ƙarfin hana barci take nunawa. Tana nuna yadda aka soya ƴaƴan kafe ne da yawan ɗacinsu. Mai son sauƙi ya ɗauki ƙaramar lamba. Wanda ya saba da shayi mai kauri na farkon dahuwa zai fi jin daɗin 8 zuwa sama. Ƙarfin hana barci yana ga irin kafen. Arabica, wanda asalinsa ƙasar Habasha ne, ya fi ƙamshi. Robusta, irin wanda ake nomawa a Kodebuwa, ya fi ɗaci, sinadarin kafeyin mai hana barci da ke cikinsa kuma ya kusa ninka na arabica. Décaféiné shi ne wanda aka cire wa kusan duka kafeyin ɗin. Likitoci na ba mai ciki shawarar kada ta wuce miligiram 200 na kafeyin a yini, a ciki har da na shayi da goro. Mai hawan jini ya tambayi likitansa tukuna.

Duba kwanan watan ƙarewar wa'adi a gindin kwali. Rana ake fara rubutawa, sai wata, sai shekara: 15/08/2027 na nufin 15 ga watan takwas na 2027. Kwalin da ya koɗe don zaman rana, ka bar shi. A gida ma, lokacin bazara da zafin Maradi ke wuce digiri 40, a ajiye shi cikin ɗaki nesa da murhu.

Yanzu lissafi, nan nake so mu daɗe. Kwalin Dolce Gusto na cappuccino yana da kafsul 16, amma kofi 8 kawai yake bayarwa, domin 8 na kafe ne, 8 na madara, biyu ake haɗawa. A ce kwalin 6.000 F ne, wato jikka shida. Wanda ya raba da 16 zai ce kofi ɗaya 375 F ne. Daidai shi ne a raba da 8, a sami 750 F, dala ɗari da hamsin. Ku tuna takarda da faran take ƙirga, baki kuma da dala, kowace dala faran 5. Idan mai gida na shan kofi ɗaya kowace safiya, a kwana 30 ya sha na 22.500 F.

Ni a ganina, wanda zai zuba madara da sukari cokali uku ya tsoma burodi, ƴar ledar Nescafé ta wajen mai shayi ta ishe shi, sauran kuɗin ya shiga cefane. Kafsul na wanda ke shan kafe don ƙamshinsa ne. Shi ma ya ajiye ƴar leda kusa, don ranar da aka ɗauke wuta injin ba ya motsi. Wanda aka aiko wa inji daga Amurka kuwa, ya duba ƙasansa kafin ya jona: nasu na bolt 120 ne, wutarmu 220 ce, za ta ƙona shi.

Aikin aji

1. Kwafi waɗannan a littafinka sau uku: kafe, kafsul, inji, kwali, compatible.

2. Kwali mai kafsul 10 na baƙin kafe, an ce 4.000 F. Nawa kofi ɗaya ya kama? Rubuta da faran, sannan ka faɗa da dala.

3. An rubuta 03/11/2026 a kwali. Wace rana ce, wane wata?

4. Gobe kowa ya zo da kwali ɗaya daga gida, na shayi ko madara ko magani, mu nemi kwanan watansa tare.