Yadda gari zai riƙe al'adunsa bayan ambaliya

Duk wanda ya ga ambaliyar 2022 a ƙasar Haɗejia ya san yadda ake lissafin asara: gidaje nawa suka rushe, gonakin shinkafa nawa suka nutse, dabbobi nawa ruwa ya tafi da su. A faɗin Najeriya gwamnati ta ce sama da mutum 600 ne suka rasu a shekarar, fiye da miliyan ɗaya suka bar muhallinsu, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Sai dai akwai asarar da ba ta shiga takardar masu agaji: hannun maginin da ya iya ɗaurin guga a rufin soro, waƙar daka ta matan unguwa, da abin da Sarkin Ruwa ya sani game da inda kogi ke fara ɓallewa. Ni malamin firamare ne a yankin, kuma azuzuwanmu sun zama masaukin mutanen ƙauyuka a lokacin. A wannan zama na koyi abin da zan faɗa.

A fara aikin adana waɗannan al'adu tun mutane suna sansani. Da zarar ruwa ya janye, samari za su tafi ci-rani, wasu gidaje kuma ba za su koma garin ba har abada. A sansani ne tsofaffi da yara suke wuri ɗaya, babu aikin gona. Amma a bari a samu abinci da magani da gidan sauro tukuna. Wanda jikansa ke kwance da zazzaɓi, bai kamata a tsare shi da tambayar tarihi ba.

Wurin Bulama, wato mai gari, za a fara zuwa, a gaishe shi, a jajanta, sannan a tambaye shi wa ya iya me a garin. Magina, masunta, masassaƙan kwalekwale, wanzamai, makaɗa, masu saƙar tabarmar kaba. Ɓangaren mata a tura mace, domin ungozoma da tsohuwar da ke ajiye iri ba za su saki jiki da namiji ba. A rubuta sunayen a littafi, a sa alama a gaban duk wanda ba shi da yaron da yake koya wa. Da su za a fara.

Wayar hannu ta isa wajen ɗaukar murya. A nemi izini baki da baki: "Baba, in ka yarda zan ɗauki maganarka domin jikokinka su ji." A farkon kowace ɗauka a faɗi sunan mutum da garinsa da kwanan wata. Kada a ce masa "ba mu tarihi", zai rasa ta inda zai kama. A tambaye shi abu guda: "A ruwan da ka fara gani kana yaro, ina kuka kai hatsi?" Daga nan magana za ta warware. Kowace sana'a tana da asirinta, musamman kamun kifi da wanzanci, kuma abin da mai shi ya ce na gida ne, to na gida ne. Haka nan ba a sa muryar kowa a Facebook ko TikTok sai da saninsa. A kwafi abin da aka ɗauka a katin memori na waya guda uku, ɗaya wurin Bulama, ɗaya a makaranta, ɗaya wurin ɗan gari da ke zaune a birni.

Ɗaukar murya kaɗai ba ta raya sana'a, sai an ba mai ita aiki. Lokacin sake gini, agaji yakan zo da bulo da siminti da kwano, a kawo birkiloli daga waje, maginin gari yana tsaye yana kallo. Ba na ƙin siminti. Na ga yadda katangar ƙasa take narkewa daga gindi idan ta kwana uku a ruwa. Abin da nake roƙo shi ne a haɗa biyun. A duba shaidar da ruwa ya bari a jikin bango, a ɗaga tushe da dutse da siminti ya wuce ta, sannan magini ya ɗora tubalinsa, ya jera azarar giginya, ya shafe da makuba, ya fitar da indararo nesa da gindin bango. Rumbu ma a ɗora shi kan duwatsu masu tsayi a tudu. Kowane magini a haɗa shi da samari biyu, a biya su duka, domin yaron da ba a biya ba gobe yana tasha. Tsohon masallacin Damagaram, ginin ƙasa na ƙarni na 19, ya rushe a Satumbar 2024 bayan ruwan sama mai yawa. Irin wannan gini, in babu masu hannun da suka gaje shi, ko an samu kuɗi ba zai dawo yadda yake ba.

Iri ma haka. A bincika wa ya tsira da irin shinkafa ko dawa na gida, a roƙe shi kada ya ci, a ba shi hatsin ci a madadinsa. Kafin damina a yi musaya, mai irin ya bayyana wanne ke jure ruwa mai zurfi, wanne ke nuna da wuri.

Idan ƙasa ta bushe, a zagaya da Sarkin Ruwa da dattawa da 'yan makaranta. A nuna kowace fadama da sunanta, da tudun da ba ya nutsewa, da tsohuwar hanyar ruwa da ciyawar kachalla ta toshe. A zana a kwali, a rataye a aji. Madatsun Tiga da Challawa sun sauya halin kogin, shi ya sa dole a haɗa sanin dattawa da gargaɗin da hukumar hasashen yanayi ta NiMet ke bayarwa a rediyo. Kuma idan dattawa sun ce wuri kaza hanyar ruwa ce, kada a sake gini a can ko da gidan kakanni ne.

Bukin da gari ya saba yi, kamun kifi ne ko kokawa ko kalankuwa, a yi shi a lokacinsa ko da kaɗan ne. Bukin kamun kifi na Argungu, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016, ya shafe kusan shekara goma ba a yi ba kafin a dawo da shi a 2020. Argungu tana da sarki da gwamnati a bayanta. Ƙauye ba shi da wannan gata, idan ya tsallake shekara uku, yaran da za su gaji kiɗan sun watse. Gangar da fatarta ta ruɓe, ƙungiyar ci gaban gari ta yi karo-karo a sake mata fata. A share dandali, a kai fitila, 'yan mata su yi gaɗa.

Kafin ruwan farko na kowace shekara a sake buɗe littafin nan a ƙofar Bulama. A duba wa ya rasu, wa ya samu yaro, a gwada katunan waya a tabbatar suna aiki, sannan a ɗaure su a leda a sa cikin kayan da za a fara ɗauka in an yi shelar tashi.