Babi na 6: Kaɗi, Saƙa da Dashen Itatuwa a Gida

Darasi na 1: Gyaran auduga

'Yan'uwana mata, auduga ita ce abin da mu a nan Zamfara muke kira kaɗa, kuma wadda ta tashi a ƙauyukan Gusau ko Tsafe ko Kaura Namoda ta san lokacin cirarta, bayan an gama da gero da dawa, sanyi ya fara shigowa. Kafin a fara aiki, ku dubi waɗannan kalmomi biyu: kada, kaɗa. Ta biyun tana da lanƙwasa a saman harafinta na uku. Idan kin bar lanƙwasar, kin rubuta wani abu dabam. Ki rubuta kaɗa sau 5 a littafinki.

Ki ɗebi auduga kaɗan, ki ɗora a kan dutsen magurji, ki danna ƙarfen gurza a kanta da tafin hannuwanki biyu kina murza shi gaba har angurya ta fita. Kada ki zubar da anguryar, domin iri ce, kuma shanu suna ci. Bayan gurza sai shiɓa da ɗan baka mai tsirkiya har audugar ta tashi ta yi laushi, sannan ki naɗe ta ta zama sutu, ki ajiye a taskira.

Darasi na 2: Kaɗi

Kayan aiki su ne mazari mai gululu a ƙasansa, da ɗan ƙoƙon da bakin mazarin zai zauna a ciki, da alli, da sutu. Ki zauna a tabarma, ƙoƙon yana gefenki na dama. Ki shafa alli a babban yatsa da manuni na hannun dama don kada mazarin ya riƙa zamewa. Sutu yana hannun hagu. Ki ɗaura ɗan tsohon zare a jikin mazari, ki haɗa bakinsa da bakin sutu.

A nan ne kusan kowa take faɗuwa, saboda haka ki karanta a hankali. Ki matse bakin sutu da yatsu biyu na hagu. Ki murza mazari. Murɗin zai hau zaren har ya zo inda kika matse, ya tsaya. Sai ki ja audugar kaɗan, kamar tsawon yatsa ɗaya, sannan ki matsar da yatsunki baya ki sake matsewa. Ba a sakin matsi gaba ɗaya. Idan kin saki, murɗi zai shige cikin sutu ya ɗaure shi, kuma komai ƙarfinki audugar ba za ta ƙara jawuwa ba, sai dai ta tsinke.

Mu maimaita: matse, murza, ja, matsa baya, sake matsewa. Ki faɗe su da baki yayin da hannunki yake yi. Na koyar da ajin mata fiye da ɗaya, kuma ban taɓa ganin wadda zarenta bai tsinke ba a ranar farko, har da waɗanda kakanninsu suka shahara da kaɗi. Saboda haka kada ki ji kunya. Idan ya tsinke, ki warware bakin kaɗan, ki ɗora shi a kan audugar sutu, ki matse, ki murza, zai kama.

Idan zaren ya fito da ƙulli-ƙulli, wani wuri kauri wani wuri siriri, hannun hagu ne bai ja daidai ba. Idan yana rabuwa da kansa, murɗi bai isa ba, sai ki ƙara murza mazari kafin ki ja. Idan yana nannaɗewa kamar tsutsa, murɗi ya yi yawa. A duk ukun, ki fara duba yatsun nan biyu na hagu, ki tambayi kanki: na matse, ko na saki?

Mazari kuma gefe ɗaya ake murza shi daga farko har ƙarshe. Wadda ta juya shi baya tana warware abin da ta kaɗa ne. Idan zaren ya kai iyakar miƙewar hannunki, ki naɗe shi a jikin mazari saman gululu, amma ko a lokacin naɗin yatsun hagu suna matse.

Ki fara da abawa, wato zare mai kauri, wanda masaƙa suke saye don gwado. Siririn zare sai hannu ya faɗa.

Dole in faɗi wani abu a nan. Akwai waɗanda suke zuwa aji ba mazari, su ce yaro ya karya gululu, mako ya zagayo su dawo da magana iri ɗaya. Akwai masu riƙe sutu suna hirar biki, murɗi ya shige, su miƙo mini in gyara. Ba zan ci gaba da gyarawa ba. Na faɗa, na rubuta, na nuna da hannuna: a matse bakin sutu. Wadda ba ta zauna ta gwada a gida bayan la'asar ba, ko da na minti 15 ne, ba za ta iya a aji ba.

Darasi na 3: Saƙa

Ki lura da bambancin saka da saƙa a rubutu. Zaren ulu na kasuwa ya fi sauƙi ga mai koyo. Ki yi madauki, ki zura kwarashi, ki ɗauko zare ki fitar ta cikinsa, haka har sarƙa ta kai 20. Ki riƙa ƙirgawa a kowane layi, domin wadda ba ta ƙirga ba hularta takan karkace. A fara hular jariri da safa tun kaka, kafin hunturu.

Darasi na 4: Itatuwan marmari

Mangwaro yana fure da hunturu, ya nuna da bazara. Gwaiba ta fi yawa wajen ƙarshen damina. Ana dashe idan ruwa ya zauna, a watan Yuni ko Yuli. A nemi ɗan aure, wato dashen da aka haɗa masa reshen itace mai kyau, ya fi saurin haihuwa. A haƙa rami kamu ɗaya, a zuba ruɓaɓɓen taki, a kewaye da ƙaya saboda awaki. Da rani a ba shi ruwan wanke-wanke marar sabulu.

Aikin gida: ki rubuta sunayen itatuwa 3 da ke gidanku. Ki zo da mazarinki ranar Asabar.