Shawara ga mai son buga Metal Storm

Salam 'yan uwa. Duk mai tsohuwar na'urar wasan bidiyo ta Nintendo, wato NES, a ajiye, ya nemi Metal Storm na kamfanin Irem, wasan da ya fito a 1991. Wallahi ba a ba wasan nan haƙƙinsa ba.

Mutum-mutumi kake tuƙawa, M-308 Gunner, kuma in ba ka da sulke, harsashi ɗaya ya gama da kai. Sirrin yana wajen juyawa: danna maɓallin sama tare da na A, sai ka koma tafiya a jikin rufi, kai a ƙasa. Ƙasa da A kuma ya dawo da kai. Kada ka yi gaggawa, tsaya a matakin farko har hannunka ya saba.

In ka ga alamar G, ɗauke ta. Kana juyawa za ka zama dunƙulen wuta, ka babbake abokan gaba. Kalmar sirrin da ake ba ka don ci gaba daga inda ka tsaya kuwa, rubuta ta a takarda.