Kurakuran da ɗalibai suka fi tafkawa a kwanfidens intabal

Duk wanda ya zauna ajin statistiks na shekarar farko ya san inda ake fara santsi, wato kwanfidens intabal, ni dai tazarar amincewa nake ce masa. Tazara ce da ake lissafowa daga mutanen da aka ɗebo don a hasashe inda ainihin matsakaicin kowa yake. Lissafin kansa ba wuya, kalkuleta ma tana yi, wajen faɗin me amsar take nufi ne ake zubar da maki.

Bari mu riƙe misali ɗaya. A ce an ɗebo ɗalibai 100 ta hanyar ƙuri'a a wata babbar makaranta, matsakaicin makinsu ya fito 60, standad dibiyeshan, wato ma'aunin yadda makin ya warwatsu daga matsakaici, kuma 10. Ka raba 10 ɗin da sukwaya rut na 100 ka samu 1, shi ne standad ero, ka ninka da 1.96, lambar da ake amfani da ita don tazarar kashi 95, ka cire ka kuma ƙara a kan 60, tazarar kashi 95 ta fito daga 58.04 zuwa 61.96. Shikenan.

To kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya rubuta wai akwai yiwuwar kashi 95 cewa ainihin matsakaicin makarantar yana cikin wannan tazarar. Ainihin matsakaicin nan lamba ɗaya ce a zaune, ba ta motsi, kamar turke ne a kafe kai kuma kana jefa masa igiya mai zarge daga nesa, in ka riga ka jefa ai ko ta kama ko ba ta kama ba. Kashi 95 ɗin nan na hannun mai jifa ne, ma'ana da za ka yi ta ɗebo wasu ɗalibai 100 kana sake lissafi sau da yawa, kusan tazara 95 cikin kowace 100 za su kama turken. Haka Jerzy Neyman, masanin lissafi ɗan ƙasar Folan, ya tsara abin a 1937. A jarrabawa ka rubuta "muna da amincewar kashi 95 cewa matsakaicin yana tsakanin 58.04 da 61.96", in malami ya nemi bayani sai ka kawo maganar maimaita ɗiba.

Wani kuma sai ya ce kashi 95 na ɗaliban sun ci tsakanin 58 da 62. Haba dai, ka taɓa ganin makarantar da kusan kowa ya ci maki ɗaya? Tazarar tana magana ne a kan matsakaici, ba makin ɗalibi ɗaya ɗaya ba. In makin ya bi nomal distiribushan, wato yawanci suna tsakiya kaɗan kuma a gefe biyu, kashi 95 na ɗalibai za su faɗa wajen 40 zuwa 80 ne. Duk wanda ya manta raba wa da sukwaya rut ma irin wannan ƙatuwar tazarar yake samu, don haka in amsarka ta yi faɗi haka ka koma ka duba.

Sai masu liƙa 1.96 a ko'ina kamar maggi. In mutum 10 kawai ka ɗebo kuma standad dibiyeshan ɗin daga su ka lissafo, teburin t za ka duba, layi na 9, wato 10 a cire 1, lambar 2.262 ce. Wannan teburin aikin William Gosset ne, ma'aikacin kamfanin Guinness a Dublin, ya buga shi a 1908 da sunan aro Student, shi ya sa har yau ake ce wa teburin Student's t.

Kada kuma kashi 99 ya ruɗe ka ka ɗauka ya fi matse amsa, faɗi yake ƙarawa, lambar ta koma 2.576, tazararmu ta zama 57.42 zuwa 62.58. In matsewa kake so mutane za ka ƙara, kuma ba arha, don ka rage faɗin da rabi sai ka ɗebo 400, 200 ba za su yi ba.

Wanda ya fi ba ni haushi kuwa masu firojek ne, mutum ya raba takardar tambaya ga abokansa na hostel da 'yan gurup ɗinsa na WhatsApp, ya zo ya buga tazara siririya yana murna. Fomular kuskuren ƙuri'a kawai take aunawa, ba ta san cewa abokanka kaɗai ka tambaya ba, ko mutum 1,000 ka tara haka turken yana can gefe kana ta jifa a wani wuri. Gyaran sai dai ka karɓo jerin sunayen ɗaliban duka, ka ba kowa lamba, ka bar kwamfuta ta zaɓo maka.