Manhattan a takardar abinci ba sunan unguwa ba ne

Ɗan'uwa, idan ka sauka a New York, akwai yiwuwar aikinka na farko ya zama a gidan abinci, kamar yadda 'yan'uwanmu da yawa mazauna Bronx suka fara. Ko ba haka ba, wata rana a liyafar wurin aiki za a miƙo maka kofi mai dogon wuya, da wani abu ja-ja a ciki kamar ruwan bunu. Sunansa Manhattan, kuma giya ce mai ƙarfin gaske.

Na fi son ka san yadda ake haɗa ta. Awo biyu ne na wiskin rai, kimanin mililita 60. Rai wani hatsi ne dangin alkama, kuma a dokar Amurka sai ya kai kashi 51 cikin 100 na hatsin da aka dafa kafin wiski ya ci wannan suna. Sai awo ɗaya na jan bamut, giyar inabi mai zaƙi da ake jiƙa wa ganyaye da saiwoyi, wadda birnin Turin na Italiya ya yi fice da ita. A kwalba za ka ga Carpano ko Martini. Daga nan a ɗiga Angostura sau biyu, wani ruwa mai ɗaci da suke kira bitas. Ba a girgiza ta. Mai haɗawa zai zuba ƙanƙara, ya juya da dogon cokali har ta yi sanyi, ya tace a kofi, ya jefa ceri guda, wani ɗan ƙaramin ɗan itace ja. Ka lura, babu ruwan lemo ko ɗigo a ciki.

Angostura ɗin nan ne ya fi yaudarar mutane. 'Yar ƙaramar kwalba ce mai murfi rawaya, takardarta ta fi ta tsawo, sai ka ɗauka kayan ƙamshi ne, alhali sinadarin maye a cikinta ya kai kashi 44.7. Wasu wuraren suna ɗiga ta har a soda da lemon da suke cewa ba na maye ba ne. Don haka in ka nemi moktel, wato haɗin abin sha marar giya, faɗa musu ƙarara kada a sa bitas. Shi ma cerin, wani a giyar barandi ake jiƙa shi. Haɗin giyar da ake kira Long Island Iced Tea kuwa, duk da sunan shayi da ke jikinta, babu ganyen shayi a ciki.

Kada kunya ta hana ka cewa ba ka sha. Ba baƙon abu ba ne a wurinsu. In aikin ya ƙunshi miƙa giya kuma zuciyarka ba ta natsu ba, tambayi malaminka, sannan ka yi wa manaja magana tun ranar ɗaukar aiki ya sa ka a kicin. Wanda ya karɓi aikin kuma ya riƙe cewa miƙa giya ga wanda bai kai shekara 21 ba laifi ne, sai an duba katin shaidar mai saye.